Katin da Ya Mutu Kafin A Haifi Mai Shi

Jama'a, akwai wata mai rubuta manhajar kwamfuta da 'yan ofishinsu ke kira Anti Jibi, don kullum zancenta abin da zai faru nan gaba. Kamfaninsu da wani kamfani suna takarar kwangilar sabunta manhajar tsofaffin na'urorin da ke buɗe ƙofofin wata masana'anta idan ma'aikaci ya kara katinsa.

Tana dubawa ta hango matsala. Na'urorin suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa, suna ajiye lissafin a wani ɗan gurbi mai bit 32, wato ma'aunin girman gurbin. Gurbin zai cika a 2038, daga nan lissafin ya juye ya koma 1901.

"Oga, a ƙara min lokaci in faɗaɗa gurbin zuwa bit 64," ta ce wa shugabansu.

Oga ya ja tsaki. "2038? Wa ya ce miki za mu kai? 'Yan wancan kamfanin har sun gama nasu. Idan jan ƙafarki ya sa muka rasa aikin nan, ki nemi wani wajen."

Maganar ta yi mata zafi, ga ƙanne biyu a wuyanta. Amma ba ta fasa faɗaɗa gurbin ba. Ta duƙufa tana bin manhajar layi-layi, tana tura agogon gwaji gaba tana dawo da shi. Masu wucewa ta teburinta har tambayarta suke, "Anti, yau wace shekara muke?"

Ranar gwaji aka jera na'urori biyu a gaban mai masana'antar, wani dattijo mai barkwanci.

"Ni na gaji da sabunta kati," ya ce. "A yi min na shekara ashirin."

Aka yi masa kati mai wa'adin da ya haura 2038, ya kara shi a na'urar ɗayan kamfanin. Jar fitila ta kama, allon ya nuna wa'adin katin ya ƙare fiye da shekara ɗari da suka wuce.

"Ikon Allah! Ashe katina ya mutu tun ba a haifi kakana ba!"

Ya juyo kan ta Anti Jibi. Ya kara katin. Ƙit! Koriyar fitila.

"Wa ya yi wannan?" in ji dattijon.

Oga ya nuna ta, bakinsa har kunne kamar ba shi ba.

"To, 'yata, ƙofofina suna hannunki. Ba ke, ba kwangila."

Oga da kansa ya jawo mata kujera.

Darasi: Matsalar da ka hango daga nesa, gyara ta tun ana yi maka dariya, don takan iso kafin ranar da aka sa mata. Ku tura wa duk mai cewa "ai da sauran lokaci".