Ruwan da Ya Kwanta a Cikin A-kori-kura

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bisa tudu, yana da mota a-kori-kura fara. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Da ita ake kai dankali da masara kasuwa, da ita ake kai mara lafiya asibiti, mutumin kuwa ba ya hana kowa. Kowace Asabar yakan kai ta bakin rafi, ya wanke ta da sabulu, ya yi ta kwara mata ruwa, sa'an nan ya goge ta da tsumma har mutum ya iya ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Mutane sukan ce babu mai kula da abin hannunsa kamarsa. Shi kuwa yana jin daɗin wannan yabo ƙwarai.

A bayan motar, inda ake zuba kaya, akwai wata shimfiɗar roba mai kauri da nauyi. Masu ƙera motar sun bar ƙananan kafofi a kusurwoyi domin ruwa ya riƙa fita, amma ƙaiƙayi da laka sun toshe su tun da daɗewa. Saboda haka duk ranar da ya yi wanki, wani ruwan yakan shige ƙarƙashin robar ya kwanta, inda rana ba ta kaiwa, iska ma ba ta kaiwa. Daga can yakan riƙa tsatsafowa kaɗan kaɗan a kan lakar da ta daskare a ƙarƙashin motar.

Matarsa ce ta fara lura. Ta gaya masa tana jin motsin ruwa a baya duk lokacin da suka sha kwana. Ya ce mata rana za ta busar da shi.

Wata rana ya je gari canjin taya a wurin wani tsohon makaniki da ake kira Baba Iliya. Tsohon ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya fito yana goge hannu. Ya ce masa in ya gama wanki ya riƙa ɗaga robar nan gaba ɗaya, ya zungure kafofin da waya, ya ajiye motar a kan gangare da ƙofar baya a buɗe har ta bushe. Ya kuma nuna masa inda bututun birki ya bi, duk jiƙaƙƙiyar laka ta rufe shi.

Ya ce, "Ɗana, ka bar mini ita kwana uku in duba ta sosai. Mutane kake ɗauka."

Manomin ya ce zai kawo ta in aiki ya yi sauƙi.

Da ya koma gida, ya shigar da motar bayan rumbu inda ba mai ganinsa, ya ɗaga kusurwa ɗaya ta robar. Sai wari ya buge shi. Ya ga baƙin ruwa kwance, ƙarfen kuwa ya yi ja, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Ya tsaya yana kallo. Ya san in ya kai wa Baba Iliya, za a kwance motar a bakin hanya, duk mai wucewa ya ga abin da ke cikinta. Sai ya mayar da robar, ya taka ta da ƙafa ta kwanta daidai. Bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar ya wanke motar kamar kullum, ya goge ta fiye da kullum.

Damina biyu suka wuce a haka.

Sai aka yi rasuwa a wani ƙauye da ke cikin kwari, matan zumunta na ikilisiya suka roƙe shi ya kai su gaisuwa. Su goma sha biyu ne suka zauna a kan bencina a baya, matarsa kuma tana gaba kusa da shi. An so a ba Mama Damaris gaban mota, gama ita ce babba a cikinsu, amma ta ƙi. Ta ce ita ce mai ba da waƙa, ba za ta rabu da mawaƙanta ba.

Kafin su tashi, mutumin ya ga ƙasa ta jiƙe kusa da tayar baya. Ya ce a ransa sauran ruwan wanki ne, gama ya saba ganin motar tana ɗiga. Da ya sunkuya ya taɓa da yatsa, da ya gane man birki ne. Bai sunkuya ba.

Hanyar kwarin gangara ce mai tsawo, ana shan kwana uku kafin a kai ƙasa. Ta ƙarshe ita ce mafi tsanani, daga ita sai wata siririyar gada a kan rafi mai duwatsu. A kwana ta fari ya taka birki, ya ji ya yi laushi. Ya taka sau biyu, sau uku, sai ya kama. Matarsa ta dube shi, shi kuwa ya zuba wa hanya ido. Akwai ɗan fili a wurin inda mota za ta iya tsayawa. Ya wuce shi.

Bayan kwana ta biyu ya sake takawa, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya ɗaga, ya sake takawa. Babu kome.

Matarsa ta ce a hankali, "Maigida, mene ne?"

Ya ce, "Birki ya tafi. Riƙe ƙofa."

Motar ta fara gudu. A baya matan suna ta waƙa suna tafi, ba su san kome ba. Ya yi ƙoƙarin sa ƙaramar giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya sake turawa da dukan ƙarfinsa, ta shiga, injin ya yi ruri, motar ta girgiza, waƙar ta yanke. Ya ja birkin hannu kaɗan kaɗan don kada motar ta juya, amma nauyi ya yi yawa, gudun bai ragu sosai ba. Daga nan yana hango kwana ta uku, da ƙarfen gadar can ƙasa. Ya san ba za su sha ta ba.

Kafin kwanar, a hannun hagu, akwai wata gona da aka yi wa huɗa, kwalbati ne ya raba ta da hanya. Matarsa ta leƙa ta taga ta ce wa matan su kwanta su riƙe juna. Shi kuwa ya kira sunan Ubangiji, ya murɗa sitiyari. Motar ta daki bakin kwalbatin, ta yi sama, ta faɗa cikin kunyoyi, tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya har tayoyinta suka nutse a ƙasa ta tsaya.

Sai kuka ya tashi. Ya fito, ya shiga ƙirga matan da ke baya. Goma sha ɗaya. Suka sami Mama Damaris a bakin kwalbatin inda motar ta jefar da ita, tana da rai, amma ƙashin cinyarta ya karye.

Labari ya bazu. Mutane suka yi ta zuwa gidansa suna yi masa barka, suna cewa in ba don gwanintarsa ba da duka sun hallaka a gada. Suka ce tsautsayi ne kawai, gama kowa ya san yadda yake kula da motarsa. Yana jinsu, yana amsa gaisuwa, amma abinci ya ƙi shiga bakinsa.

Da aka jawo motar zuwa gari, Baba Iliya ya ɗaga robar gaba ɗaya. Ƙasan motar ya huje a wuri uku. Ya ciro bututun birki, ya lanƙwasa shi da yatsu biyu, ya karye. Ya miƙa wa manomin guntayen, bai kuwa faɗa wa kowa ba.

Kwana huɗu mutumin yana fama da zuciyarsa. A rana ta biyar ya tafi asibiti, ya durƙusa a gaban gadon Mama Damaris, 'ya'yanta suna tsaye. Ya faɗi duka: gargaɗin makaniki, robar da ya ɗaga ya mayar, da filin da ya wuce bai tsaya ba. Babban ɗanta ya miƙe a fusace, ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. 

Sa'an nan ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Ƙafar dai likita ya ce ba za ta koma yadda take ba. Amma mu goma sha uku ka ɗauka, ba ni kaɗai ba. Ran Lahadi ka tashi ka gaya musu."

Ya kuwa tashi a gaban ikilisiya ya faɗa. Waɗansu suka yafe masa nan take, waɗansu suka daɗe ba su sake shiga motarsa ba. Mama Damaris ta ci gaba da ba da waƙa, amma a zaune, har ƙarshen ranta.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwar mutum. Wankin Asabar shi ne abin da muke yi a idon jama'a: zuwa sujada, tufafi masu tsabta, gaisuwa mai daɗi. Waɗannan ba laifi ba ne. Amma ruwan da ya kwanta shi ne zunubin da muka sani muka rufe. Ga wani, ƙiyayya ce da yake yi wa ɗan'uwansa shekara da shekaru, suna kuma cin jibin Ubangiji tare a ikilisiya. Ga wata, ƙarya ce da ta yi a kan maƙwabciyarta, ba ta taɓa warware ta ba. Kafofin da suka toshe su ne tuba da furta laifi, hanyar da Allah ya bar mana domin ƙazanta ta fita.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba ne. Allah ya yi masa magana ta bakin matarsa, ya yi ta bakin tsoho, ya nuna masa da idonsa, har a kan gangara ya ba shi wurin tsayawa. Kunya ce ta hana shi, domin ya fi ƙaunar sunansa da ran waɗanda ya ɗauka. Ku kuma lura, ba ƙafarsa ce ta karye ba. Abin da muke ɓoyewa, sau da yawa 'ya'yanmu da matanmu ne suke shan wahalarsa.

Akwai gafara a wurin Almasihu, ko bayan ɓarna ta auku, yadda mutumin nan ya samu. Amma gafara ba ta ɗora ƙashin da ya karye ba. Ni da nake gaya muku wannan, na taɓa riƙe magana shekara shida kafin na iya buɗe baki, na kuma san nauyinta. Saboda haka in muka sunkuyar da kai yanzu, kowa ya faɗa wa Ubangiji abin da ya sani, da sunansa. In kuwa akwai mutumin da ya kamata ka je wurinsa bayan an tashi, ai ka san hanyar gidansa.