Gitar Filimon da Tafin Hannun Mama Afiniki

Akwai wani mutum a wata ikilisiya ta ƙauye, sunansa Filimon. Shi ne mai kaɗa gitar bes, wato babbar gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta take fitowa daga can ƙasa kamar rugugin hadari. Gitarsa ta araha ce. Kamfanin da ya ƙera ta, ko a shagon kayan kiɗa ka ambaci sunansa, sai mai shago ya ce ka sake faɗa. Amma fa gita ce ta kirki. Zafin bazara bai tanƙware mata wuya ba, danshin damina bai shaƙe mata murya ba, in ya ɗaure tsirkiyoyinta ran Lahadi, haka zai same su wata Lahadin. Har ƙanwarta ya ƙara saye daga kamfanin ya ajiye a gida. Yana son su ƙwarai, sai dai so ne na cikin ɗaki. A bainar jama'a ba ya so a karanta sunan da ke rubuce a kan gitar.

A ikilisiyar nan kuma akwai wata tsohuwa gwauruwa, Mama Afiniki. A da ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tashi ba ta ji ko kaɗan. Baki yana magana, kunne kuwa ya rufe. Amma ta samo wa kanta dabara. Takan zauna a bakin benci, dab da akwatin lasifikar Filimon, ta ɗora tafin hannunta a kai. In ya kaɗa, akwatin ya yi rawa a ƙarƙashin hannunta, sai ta san inda waƙa take, ta riƙa gyaɗa kai, wani lokaci har ta bi da baki. Iyakar rabonta a cikin waƙar sujada ke nan, kuma kowa ya san wurin nan nata ne.

Ana nan, sai ranar bikin godiyar kaka ta zo, aka gayyato mawaƙa daga birni. Mai kaɗa musu bes yana da wata gita mai tsirkiya biyar, sai walƙiya take yi. Kafin a fara sujada ya zo ya ɗauki ta Filimon, ya jujjuya ta, ya karanta sunan da ƙarfi, ya tambaya ko sunan gita ne ko na man shafawa. Abokansa suka kwashe da dariya.

"Araha ba ta ado, ɗan'uwa," in ji shi, ya miƙa masa abarsa.

Ba mugun mutum ba ne, wasa yake yi, kafin ya zauna ma ya manta. Filimon ne bai manta ba.

Mawaƙan gida ne za su buɗe sujada, baƙi kuma suna zaune a layin gaba, ido a kansu. Filimon ya ce a ransa, in mutanen nan suka ji muryar gitar, wata dariyar ce za ta biyo baya. Sai ya sa ɗan yatsa a ɓoye, ya murɗe maɓallin sauti har ƙarshe. Aka ɗauki waƙa. Yatsunsa suna ta gudu a kan tsirkiya, kafaɗa tana rausaya, fuska a ɗaure kamar mai aikin gaske, amma ko ƙis ba ya fita. Kai, ɗan Adam! Ganga da fiyano suka rufa masa asiri, ko fasto bai lura ba.

Mama Afiniki ta ɗora hannunta yadda ta saba. Ta jira. Ta sauya hannu. Ta goge tafin a jikin zanenta, ta sake ɗorawa, ta ɗaga kai tana kallon yatsun Filimon. Shi kuwa ya gan ta da wutsiyar ido, ya kau da kai. Kafin a shiga waƙa ta biyu ta ɗauki sandarta ta fita.

Da aka tashi, jama'a suka zauna cin abinci, amma Filimon bai zauna ba. Ya rataya gitarsa ya nufi gidan tsohuwar. Ya same ta a kan tabarma tana mintsinin tafin hannunta, idanunta sun yi ja. Tana ganinsa ta yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa.

"Ɗana, hannun ma ya mutu. Na ga yatsunka suna aiki, amma ban ji komai ba. Kunne ya tafi, yau hannu ya bi shi. Kada ka damu, kai ka yi naka, ni ce dai rabona ya ƙare."

Ga shi ko ya roƙi gafara da baki, ba za ta ji ba. Sai ya durƙusa, ya kama hannunta ya ɗora a jikin gitar, ya ja tsirkiyar da ta fi kauri. Katako ya yi rawa. Fuskar tsohuwa ta washe, ta yi dariya, ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Can sai dariyar ta tsaya, ta dube shi ido cikin ido.

"Ashe hannuna lafiya lau yake. To, Filimon, me ya faru a majami'a?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunnuwanku. Gitar ita ce baiwar da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu. Ta wani mai walƙiya ce, ta wani kuwa ba wanda ya san sunanta, amma tana aikinta. Baƙon nan shi ne bakin duniya, wanda yake yin dariya ya wuce. Murɗe maɓalli kuwa, 'yan'uwa, shi ne abin da da yawanmu muke yi: muna nan a wurinmu, hannu yana motsi, baki yana motsi, amma mun kashe abin daga ciki don kada a raina mu. Wata ta daina addu'a a fili don ba ta iya Turanci ba. Wani ya daina gaida marasa lafiya don ba shi da abin riƙewa a hannu.

Kunya iri biyu ce. Filimon ya guje wa ƙaramar, ya faɗa cikin babbar. Kuma ba shi kaɗai ya sha wuyarta ba, gama tsohuwar da ba ta yi laifin komai ba ita ta koma gida tana zargin hannunta. Haka yake a cikinmu. Ranar da ka yi shiru don kunya, akwai wanda zai ɗauka Allah ne ya daina yi masa magana.