Katifar Aro da Albasar Inji

Akwai wani saurayi da abokansa ke kira Inji, saboda bakinsa ba ya hutawa wajen yabon kansa. Shi da ƙanwarsa suka kafa ɗan kamfani, wata manhaja mai haɗa masu gyaran famfo da gidajen da ruwa ke yoyo. Aiki na tafiya, amma jari ya kusa ƙarewa. In ba a samu mai zuba kuɗi ba, sai rufe ƙofa. Inji kuwa barcin kasa gare shi: da yamma ya yi gida, ya ci ya sha, sai minshari. Aibinsa ɗaya, son a ce ya fi kowa shan wahala.

Rannan sai labari ya zo cewa wata mai zuba jari a sababbin kamfanoni, wadda ake kira Uwar Jari, za ta kawo musu ziyara. Inji ya taɓa jin wai masu jari suna mutuwar son wanda ke kwana a ofis. Nan da nan ya aro tsohuwar katifa ya shimfiɗa bayan teburi, ya watsa kofuna marasa wanki, ya yanka albasa ya kara a fuska har idanunsa suka yi jawur.

Ƙanwarsa ta toshe hanci ta ce, "Yaya, ofis ne wannan ko kicin? Kai da ko tsawa ba ta tashinka?"

"Yi shiru, yarinya. Yau za ki ga yadda ake kama babban kifi."

Uwar Jari ta shigo. Ba ta kalli kwamfuta ba, sai ta tsaya kan katifar tana dubawa. Inji ya yi mamaki, amma ya gyara tsayuwa.

"Ɗana, a nan kake kwana?"

"Kwana, ranki ya daɗe? Ai ni da barci ko gaisuwa ba ma yi. Rabona da gida har na manta launin ƙofarmu!"

"To in ka faɗi, wa zai riƙe aikin?"

"Inji ba ya faɗuwa."

Uwar Jari ta ce, "Haka wani yaro ya taɓa ce mini. Na ba shi jari, na riƙa tafa masa, har ranar da aka kwashe shi daga kan kujera zuwa asibiti. Tun daga lokacin, mutum nake fara dubawa kafin kamfani. Manhajarku ta burge ni, amma ba zan ƙara wa wannan wutar itace ba."

Ta ɗauki jakarta. Inji ya bi ta har bakin mota.

"Ranki ya daɗe, wallahi ni gwanin barci ne! Katifar aro ce, idon kuma albasa ce. Tambayi ƙanwata!"

Uwar Jari ta ce, "Na ji warinta tun daga ƙofa. Jira nake ka faɗa da bakinka tun muna ciki. Mai gajiya zan iya tura shi hutu, amma mai ƙarya ina zan tura shi?"

Mota ta tashi. Ƙanwarsa ta leƙo ta taga: "Yaya, mai katifa ya aiko a mayar masa da kayansa."

Darasin da ke nan shi ne, wahala ba ado ba ce da za a rataya a wuya don burge mutane. Wanda Allah ya ba lafiya da hutu, ya riƙe su da godiya, ya kuma tsaya a kan gaskiyarsa. Sau da yawa abin da mutum ke ɓoyewa don kunya, shi ne ainihin abin da aka zo nema a wurinsa.