Kuluwa da Hancinta

Dalilin da ya sa mace za ta wuni a gindin murhu, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta kwashe wa kowa, sannan ta yi loma biyu ta ture kwano, shi zan faɗa muku yau, jikokina, tunda kun ishe ni da tambaya. Ba ciwo ba ne, ba kuma yanga ba ce.

A da can, hanci ba ruwansa da abinci. Aikinsa numfashi da atishawa, sai jin ƙauri idan tukunya ta kama. Mai girki ma ita ta fi kowa ci, don tuƙi yana sa yunwa.

Sai aka yi wata shekara da fara ta cinye gero tun yana gona. A wani ƙauye akwai wata mata, sunanta Kuluwa, da mijinta Nomau da 'ya'ya huɗu, ga na biyar a goye. In ta tuƙa ɗan abin da ya rage a rumbu, malmala biyar ke fitowa, masu ci kuwa shida. Sai ta ce ta ƙoshi, ta kankare ƙanzo ta ci. To amma cikinta ba ya rufa mata asiri. Ƙugi yake yi har yaran su ji, su rage mata nasu, su tashi da yunwa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Wata rana da la'asar tana fifita wuta, daddawa tana tashi a tukunya, sai ta ce wa hancinta, "Kai ne kusa da tukunya, kai ne kuma ba ka da aikin yi. Ka taimake ni."

Hanci ya ce, "Da me? Ni ba haƙori gare ni ba."

"Ka kwashi ƙamshin nan ka kai wa ciki, ka ce masa an ci."

"Ƙarya za ki sa ni?"

"Ciki a duhu yake zaune. Abin da aka faɗa masa shi ya sani."

Hanci ya ce sai da shaida. Ta duba, ba kowa a madafar sai wuta. Ta ce, "Ga shaida nan. Muddin wutar nan tana raye, wadda ta tsuguna gabanta ta yi girki, ka ƙosar da ita." Kanta take nufi, kuma a zatonta wuta ai abin kwana ɗaya ce.

Tun daga ranar ciki ya yi shiru. Yara suka riƙa cinye rabonsu, har damina ta zo ta wuce, rumbu ya cika.

Ranar da aka shigo da sabon gero, Nomau ya yanka zakara. Kuluwa ta yi miya ta kece raini, ta zauna za ta rama na bara. Loma ɗaya, loma biyu, shi ke nan. Ta dubi kwanon, kwanon ya dube ta.

Nomau ya ce, "Fushi kike da ni?"

"A'a, Malam."

"To ko ciki ne?"

"Da goyon wata takwas a bayana?"

"To me ke damunki?"

"Ni ma ban sani ba. Da safe yunwa kamar ta kashe ni, in na gama dafawa sai in neme ta in rasa."

Ya kawo saiwoyi, ta sha. Ya ce ko iska ce, aka yi turare. Ba abin da ya sauya. Ga hatsi har bakin rumbu, ga mace tana ramewa, nono yana ja baya, jaririn yana kuka ba ƙoshi. Can dai ta tuna, ta ce wa hanci, "Yunwa ta wuce, ka daina."

Ya ce, "Wuta ta mutu?"

Ta ɗauki tulu ta juye wa murhu. Ta ƙyasta dutsen ƙanƙara ta samo sabuwar wuta, ta yi girki. Loma biyu, ta ture.

Ta ce, "Na kashe ta a gabanka. Me kuma ya rage?"

Hanci ya ce, "Ta gidanki kika kashe. Wa ya zo ɗiban wuta tun daga ranar?"

Nan ta gane. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Lokacin babu ashana, garwashi ake rufewa da toka ya kwana, wadda tata ta mutu ta ɗauki gutsuren kasko ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Maƙwabciyarta Delu ta ɗiba ba sau ɗaya ba, wasu sun ɗiba a wajen Delu, fatake sun kunna sun wuce da ita. Wa zai bi wuta gida gida ya ce wannan 'yar wance ce?

Ta shiga gidan Delu, ta tarar da ita ta yi tagumi gaban tuwo.

Ta ce, "Yaya Delu, ke ma?"

"Ni ma me? Wata uku ke nan ina dafa wa mutane abinci ina kallo. Jiya har auduga na cusa a hanci, sai na ji tuwon kamar ina cin ƙasa. In na buɗe ƙoshi, in na toshe ba daɗi. Ke kin gane wannan?"

Kuluwa ta kasa faɗa mata gaskiya. Ta zauna tana jijjiga yaron, tunani ya ɗauke ta, hannunta ya kai kwanon Delu ba ta sani ba. Sai ga yunwa ta taso. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe kwano.

Delu ta ce, "Miyar nan fa ko gishiri bai ji ba."

"Ban taɓa shan irinta ba."

Delu ta saka mayafi ta shiga gidan Kuluwa, ta cinye tuwon da aka ture. Ta dawo ta ce, "Taki ce miya, ƙanwata. Tawa ruwa ce." Suka yi ta musu, kowa na cewa ta ɗaya ta fi, ba wadda ta gane cewa hanci bai tsaya kan tukunyar maƙwabta ba, balle ya kai wa ciki labari. Sun dai gane abu ɗaya: kullum da yamma Delu ta miƙo kwano ta katanga, Kuluwa ta miƙa nata. Kafin sati biyu nono ya dawo, yaron ya yi kumatu.

Wutar kuwa ba wanda ya san inda ta tsaya. Shi ya sa har yau mai girki take ƙoshi da ƙamshi, miyar maƙwabta kuma take fin ta gida daɗi ko da ba ta kai ta ba. Saboda haka in kun ga uwarku ta ture kwano, kada ku yi murna ku wawashe. Cikinta aka ruɗa, yunwar tana nan. Maganinta wani ya dafa mata ta ci. Ke Barira, ke ce babba, shekararki goma sha uku. Muciya ba ta cizo.