Sabitu da Kulob ɗin 'Ya'yan Manya

Akwai wani saurayi a Zongon Lome mai suna Sabitu, ɗan Alhaji Mato mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Abin ya faru ne a zamanin da jam'iyya ɗaya ke mulkin Togo, lokacin da mutum kan waiga hagu da dama kafin ya ambaci sunan wani babba.

Kakan Sabitu daga Katsina ya zo, amma shi a Lome aka haife shi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, yana kuma aiki a wani kamfanin shigo da kaya a tashar jiragen ruwa. Ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da sallah. Abu ɗaya ne ya shige masa rai, wato gudu da mota.

Da ya samu hali sai ya sayi wata farar Fijo ta hannu. Ya canza mata tayoyi, ya sa aka gyara injin har ƙararta ta sauya. Amma titunan gari cike suke da mata masu talla da masu keke, babu inda zai taka ta yadda yake so.

A lokacin akwai ƙungiyoyi biyu na masu sha'awar tseren mota, ba don sana'a ba, sai don nishaɗin ranar Lahadi. Sabitu ya ƙudura zai shiga ɗaya.

Amininsa Inoussa ne ya kai shi ta farko. Wani fili ne na jar ƙasa can gaba da Agbalépédo, an kewaye shi da tsofaffin tayoyi. Shugabansu Mushe Tchakoura (Mushe kamar a ce Malam ne da Faransanci), tsohon malamin makaranta ne ɗan Sokode, mai furfura da sanyin murya.

Mushe Tchakoura ya zagaya Fijon, ya yaba ta, sannan ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ɗana, muna murna da zuwanka. Amma a nan sabon shiga ba ya tuƙi. Za ka fara tsayawa a kwana da tuta, ka ga yadda mota ke zamewa. Bayan haka ka zauna gefen wani. In lokaci ya yi, sai ka sa hular kwano ka shiga fili kai kaɗai, domin mu mota ɗaya muke saki, sai ta gama wata ta shiga."

Sabitu ya yi dariya. "Mota ɗaya? To da wa ake tseren?"

"Da agogo."

"Ni da motata zan tsaya ina kaɗa tuta kamar masu rawar tarbar manya a filin jirgi?"

Inoussa ya mintsine shi, don irin wannan magana tana iya kai mutum inda ba ya so. Amma Sabitu bai tsaya ba. Ya dubi tsohon ya ce, "Mushe, wannan ba kulob ba ne, ajin 'yan firamare ne. Har yanzu ba ka daina koyarwa ba ke nan."

Ya shiga mota ya fizge ta, ya bar su cikin jar ƙura.

Kulob na biyu kuwa na wani Didier ne, wanda mahaifinsa babba ne a jam'iyya. Sabitu ya san shi a tashar jirage, inda yakan zo ɗaukar kaya babu mai tambayarsa takarda. 'Yan kulob ɗinsa duk 'ya'yan manya ne, motocinsu sababbi, kuma a kan wata sabuwar kwalta da ta bi ƙauyukan masunta suke tserensu, mota biyu kafaɗa da kafaɗa.

Sabitu ya tambaye shi, "To wa ke tare muku hanya?"

Didier ya dafa kafaɗarsa. "Mon frère, sunan babana ne ke tare hanya. Ka zo ranar Lahadi mu ga abin da Zongo za ta iya."

Wannan dafa kafaɗa ta yi wa Sabitu daɗi fiye da yadda zai iya faɗa. Tun yana yaro a lakwal ake ce masa ɗan Najeriya, duk da bai taɓa taka ƙasar ba. Yau ga ɗan babban mutum yana kiransa ɗan'uwa.

Da labari ya kai kunnen Alhaji Mato, sai ya kira shi zaure bayan la'asar.

"Sabitu, an ce ka ƙi wurin da ake da doka, ka zaɓi wurin da babu."

"Baba, mutanen kirki ne. Sanin irinsu zai amfane mu."

Alhaji ya ce, "Ina tsaye aka kawo katafila aka rushe tsohon Zongo, aka watso mu nan bayan gari. A ranar ina da abokai manya da yawa, masu sayen atamfa a wurina. Ko ɗaya ban gani ba. Ban hana ka wasanka ba, amma ka koma wurin malamin nan."

Sabitu ya ce to. Ranar Lahadi kuma ya tafi wurin Didier.

Makonnin farko sun yi masa daɗi. Ya tsere wa biyu daga cikinsu, suka tafa masa, suka sa masa suna Zakin Zongo. Inoussa, wanda ya zauna a kulob ɗin Mushe Tchakoura, yakan zo masa da labarin cewa har yanzu tuta yake riƙewa, Sabitu ya yi ta masa dariya har da riƙe ciki.

Sai wata Lahadi da hantsi Didier ya ce yau shi da Sabitu ne.

Suka jera, aka ɗaga hannu, suka taka. Fijon tana dama, jar motar Didier tana hagu, babu wadda ta wuce wata. Sabitu yana jin sitiyari na rawa a hannunsa, bishiyoyin kwakwa na wucewa kamar ana yanka su.

Suna fitowa daga wata kwana sai ga mace a tsakiyar hanya, da kwandon kifi a kanta.

Motar Sabitu matar ta fara gani. Ta yi tsalle ta guje masa, ta faɗa gaban motar Didier. Sabitu ya ji ƙarar, ya ga kwandon ya tashi sama, kifi ya watsu a kan kwalta.

Ya taka birki har motar ta juya. Didier ya ɗan rage gudu, ya leƙo, sannan ya ƙara wuta. Sauran 'yan kulob da ke biye da su suka kewaye matar ɗaya bayan ɗaya suka wuce. Babu wanda ya tsaya.

Sabitu ya fito da gudu. Matar tana numfashi, idanunta a buɗe. Mutanen ƙauye suka fito da ihu suna kiran sunanta, Afi, Afi. Da taimakon wasu maza biyu ya sa ta a kujerar baya, ya nufi asibiti a Tokoin yana ta salati.

Kafin su isa ta cika.

Yana zaune a barandar asibiti, rigarsa jiƙe da jini, sai ga masu kaki sun zo. Ya miƙe da sauri don ya ba su labari. Babbansu bai bari ya gama ba.

"Wace jar mota? Mu farar mota muka gani, ga jini a cikinta."

"Ku tambayi Didier! Ku tambayi 'yan kulob, duk suna wurin!"

Aka wanke shi da mari. "Kada ka ƙara kama sunan nan."

An tambayi 'yan kulob ɗin kuwa. Dukansu suka ce babu wani kulob, kuma Didier yana coci tare da mahaifiyarsa a safiyar. Wasu suka ce ba su taɓa ganin Sabitu ba. Wanda ya raɗa masa Zakin Zongo ma cewa ya yi ya san shi sama-sama, wani ɗan Najeriya ne mai tuƙin ganganci.

Aka jefa shi gidan kaso. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma gaya masa ranar fita ba.

Alhaji Mato ya bi ofis-ofis da babbar riga, yana durƙusa wa yaran da ya haifi kamarsu. Kowa ya ji sunan da ke cikin maganar sai ya tuna yana da wani aiki. Mutanen Zongo suka yi ta addu'a a masallaci, amma a waje da raɗa suke zancen.

Mutum ɗaya ne wanda ba dangi ba ya taka ƙafarsa. Mushe Tchakoura ya sa kwat ɗinsa ya je wurin wani tsohon ɗalibinsa mai muƙami, ya ce masa kowa a gari ya san wanda ya kaɗe matar nan. Sakamakon da ya samu shi ne aka rufe filinsa, aka ce an hana duk wani taron motoci. Tsohon da bai taɓa zubar da jinin ko akuya ba ya rasa abin da ya gina, saboda laifin waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba.

Duk da haka ya zo ziyara tare da Inoussa, ɗauke da kwanon tuwo. Sabitu ya kasa haɗa ido da shi.

"Mushe, na zage ka a gaban mutanenka."

"Ka zage ni," in ji tsohon. "Ci abincinka tun da zafi."

Shekaru suka wuce. Ɗakin da aka sa shi babu haske, ga danshi, ga cunkoso. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta ƙi warkewa. Wata rana Inoussa ya zo shi kaɗai, ya ce, "Sai haƙuri, Sabitu. Alhaji ya rasu. Jiya aka kai shi."

Sabitu ya roƙi a bar shi ko kabarin ya gani. Mai gadi ya ce masa ba shi da wannan izinin.

An sake shi ne wata safiya ba tare da bayani ba, bayan mahaifin Didier ya faɗi daga muƙaminsa an tura ɗan ƙasar waje. Ya fito yana jan ƙafa, gashinsa ya yi fari, shagon atamfa ya koma hannun wasu.

Mutanen Zongo suka yi ta zuwa barka, kowa na cewa an zalunce shi, Allah zai saka masa. Shi kuwa akwai abin da ke cin ransa. Ya roƙi Inoussa ya raka shi ƙauyen masuntan.

Suka sami 'yar marigayiyar, Akossiwa, tana ƙyafe kifi a bayan gida. Tana yarinya lokacin da abin ya faru, yanzu har da goyo. Sabitu ya durƙusa da ƙyar, ya gaya mata ko shi wane ne da harshen Mina.

"Na gane ka," ta ce. "Ina bakin hanya a ranar."

"To kin san ba motata ce ta buge ta ba."

"Duk ƙauyen nan mun sani. An zo an ce mu rufe bakinmu, muka rufe. Wannan nauyin yana kanmu." Ta juya kifin da ke kan wuta. "Kai kaɗai ka tsaya, ban manta ba. Saboda haka na bar ka ka shigo gidan nan."

Sabitu ya fara godiya, sai ta ɗaga hannu.

"Amma kada ka zo nan kana cewa ba ruwanka. Uwata ba ta ga jar mota ba. Taka ta gani, kai ta guje wa. Hanyar nan ita muke tsallakawa kullum zuwa bakin teku, ku kuka mayar da ita wurin wasa. Da kai da shi, gudu ɗaya kuke yi."

Duk tsawon zamansa a kaso Sabitu yana gaya wa kansa cewa shi wanda aka zalunta ne kawai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne. Ki yafe mini."

Akossiwa ta tura itace cikin wutar.

"Ka tafi," ta ce. "Yau ba zan iya ba."

Ya tashi ya tafi. Bayan wasu watanni ya sake komawa, ya kuma ci gaba da komawa har ƙarshen rayuwarsa. Wani lokaci ta ba shi kujera, wani lokaci ta bar shi a tsaye. Bai ƙara riƙe sitiyari ba. Har ya rasu, waɗanda suka san shi sun ce bai taɓa jin kalmar yafiyar daga bakinta ba.

Darasi: Kafin ka shiga kowace ƙungiya, ta wasa ce ko ta sana'a, kada ka dubi ƙyallin kayansu ko girman iyayensu. Ka dubi yadda suke kiyaye ran mutane, ka kuma tambayi kanka wa zai tsaya in abu ya lalace. Dokar da ta ɓata maka rai yau tana iya zama ita ce ke tsare ka, kuma wanda ya shiga ganganci tare da jama'a yana da rabonsa na alhaki ko da ba hannunsa ne ya yi ɓarnar ba. Ku tura wa matasanmu masu son gudu a kan titi, wataƙila wani ya karanta ya ɗaga ƙafa.