Tashar Gwangwani ta Malam Sallau

Ku matso ku bar surutu, yau gardama na kawo muku.

A Unguwar Kwata, bakin kogi, akwai wani tsoho mai taurin kai, Malam Sallau. Shekara talatin ya yi yana bin layin dogo da ƙafa yana duba shi, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kawo gyaɗa har bakin ruwa a loda wa jiragen ruwa. Yanzu an kwashe layin, kogi ya ja baya, yashi ya binne komai.

Sai wani attajiri ya ce filin unguwar nasa ne, kowa ya tashi. Aka je kotu. Alƙali ya ce tsohuwar takarda ta nuna an ba leburorin kwata, wato tashar jiragen ruwa, filin unguwar, daga tsohuwar tasha zuwa ginshiƙin ƙarfen da ake ɗaure jiragen ruwa. Amma ina ginshiƙin? Ya ba su mako uku su nuna shi, in ba haka ba a rushe gidajen. Lauyan attajiri har da dariya, wai tashar ruwan a mafarkin tsoho take.

Ran Malam Sallau ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Mafarki ko? Wallahi sai na ɗora maka ita a kan tebur ka gani da idonka!" Sai dai tsufa ya sa hannuwansa rawa suke, ko kofin shayi ba ya riƙewa. Ya tara 'ya'yansa uku su ƙera masa 'yar ƙaramar tashar yadda take a da.

Tanko, babban, maƙerin gwangwani ne. Ya yanka gwangwanayen madara ya ƙera jirgi da taragu da ɗan siririn layi a kan faifan katako. Tsohon ya ce katakan da ke ƙarƙashin layi daga tasha zuwa ginshiƙi ɗari uku da sha biyu ne, kowanne taku guda. Tanko ya jera tsinken ashana daidai wannan adadi. Hannuwansa duk yanka, bai tsallake ko ɗaya ba.

Kande, mai bi masa, maginiyar tukwane ce, ita ta gina gaɓar kogi da yumɓu. Da ta zo kwanar layi, uban ya ce hagu da tsamiyar da ke wurin har yau layin ya bi. Ta ce, "A'a Baba, dama ne. Nan Inna ke ajiye tiren kifi, ni ke kore mata ƙuda." Ya yi faɗa, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Ta ƙi janyewa. Rana ta uku ya sunkuyar da kai ya ce ta lanƙwasa shi dama.

Barmo, autansu, lebura ne, ba ya ƙira ba ya gini. Ranar da alƙali ya zo filin, ƙartin attajiri suka tare hanya da sanduna. Barmo ya ɗora tashar gwangwanin a ka ya kutsa. Suka fasa masa goshi, jini har ido, bai bar ta ta karkace ba har ya dire ta gaban alƙali. Ya ɗauki diga, ya faro daga tsohuwar tasha, ya bi ta dama da tsamiya yana ƙirga taku yadda tsinkayen suka nuna, inda ƙirgan ya cika ya haƙa. Diga ta doki ƙarfe, kowa ya ji ƙarar. Malam Sallau ya dubi lauyan ya ce, "Ga mafarkin nan, taɓa shi."

Unguwa ta tsira. Tsohon nan kuwa abu ɗaya ya mallaka da yake ji da shi, usur ɗinsa na aikin jirgi, ya kuma rantse wanda ya ceci unguwar a cikin 'ya'yansa zai rataya wa. Har yau yana wuyansa, ya kasa cirewa.

To, ku da kuka iya baki, Tanko, Kande ko Barmo, wa za a rataya wa usur ɗin nan?