Sandar da Injiniya Ya Yi wa Uwarsa

Ku yaran yanzu ba ku iya jiran komai. In kun ga tsoho yana aiki a hankali sai ku ce lalacewa ce. To ku ajiye surutu ku karanta.

Akwai wani dattijo, tsohon direba, da ya ajiye tuƙi ya koma sassaƙa sandar dogarawa a ƙofar gidansa. Kayan aikinsa ba su fi gizago da wuƙa biyu da magagari ba.

Ba ya taɓa katako. Da ƙafarsa yake shiga daji ya nemi reshen da ya lanƙwaso tun yana jikin bishiya, don mariƙin ya zama Allah ne ya tanƙwara shi. Ya toshe bakin reshen da kakin zuma, ya rataye shi a inuwa da ɓawonsa, shekara guda cur. Sai ya ƙwanƙwasa ya ji sautin ya yi masa, sannan ya sa wuƙa.

Kuma ba ya sayar wa ɗan aike. Sai mai sandar ya zo da kansa, ya tsaya da takalminsa, ya saki hannu. Dattijon ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannu, ya ce, “Taka in gani.” Wani ya ji haushi ya tafi. Waɗanda suka tsaya, har yau sandunansu na nan.

Yayar dattijon nan ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Hannun hagu ya mutu, ƙafar kuma tana ja. Likita ya ce lallai ta riƙa takawa safe da yamma, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ta zauna ke nan.

Dattijon ya je ya auna ta, ya ce, “Yaya, ina da busasshen reshe a rataye, ki ba ni kwana goma. Kafin nan ki riƙa bin bango.”

Tana da ɗa kafinta mai shago da injina, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya. Ya yi dariya.

“Haba Kawu, kwana goma? Mota za ka ƙera? Ni kafin la'asar na gama.”

Ya kuwa gama. Ya zana sanda a kan faffaɗan katako, inji ya bi zanen ya yanke har da lanƙwasar, ya shafa mata mai tana ƙyalli kamar madubi.

Kawun ya karɓa, ya juya ta, ya sa babban yatsa a wuyanta.

“Ɗana, ta yi kyau. Amma ka ga jijiyar itacen ta miƙe, kai kuma ka yanke ta a lanƙwasa. Nan wurin babu abin da ke riƙe da shi. Kada ka ba ta.”

“Kishi ne kawai, Kawu. Zamani ya wuce ku.”

Uwa kuwa, ɗanta ne. Ta rungume sandar tana nuna wa maƙwabta.

Kwana na huɗu tana saukowa daga dokin ƙofa, ta sakar wa sandar nauyinta duka. Wuyan ya ɓalle ɓas. Ta faɗi a kan hannun dama, mai lafiyar, ya karye.

Ina so ku ga halin dattijon nan. Da ya iso asibiti bai ce ai na faɗa ba. Ya zauna a bakin gado ya gyara mata filo, ya tsokane ta, wai tun suna yara ba ta iya sauka daga ko'ina ba sai da faɗuwa. Ta yi dariya tana hawaye.

Ya ƙarasa tasa sandar, ya yi mata mariƙi mai faɗi da zai karɓi hannun da ya taɓa karyewa, ya sa roba a gindi. Ya jingine ta a bayan ƙofarta.

“Sai an kwance ɗaurin za ki riƙe ta. Amma ƙafa ba za ta jira hannu ba.”

Ya waiwaya ya dubi Injiniya. 

Sati shida Injiniya yana rufe shago safe da yamma. Ya zo ya tallafi uwarsa, su bi layi daga farko har ƙarshe, taku ɗaya ɗaya, tana yi masa faɗa.

“A hankali, marar kunya! Da inji kake ja na?”

Masu shaguna kuma suna ɗaga murya suna nuna Injiniya: “Mama, wannan sabuwar sandar taki tana da ƙwari kuwa?”

Sai ta ce, “Ɗanye ne, amma muna lallaɓawa.”

Darasi: Abin da mutum zai jingina rayuwarsa a kai ba a yin sa da gaggawa, kuma in wanda ya san aiki ya ce maka kada, ka rufe baki ka ji. Iyaye, ku tura wa 'ya'yanku masu ganin sun fi kowa sani, ko ba sa so su karanta.